Karatun Tsaron Intanet da Bin Sawun Laifi a Jami'a: Me Za Mu Gaya wa 'Ya'yanmu?

Jawabin da aka gabatar a zaman ilimi na taron shekara-shekara na ƙungiya



Kwamitin ilimi ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan wani fanni wanda a 'yan shekarun nan sunansa ya shiga bakin yaranmu. Duk lokacin da aka buɗe rajistar JAMB sai iyaye su yi ta bugo waya suna cewa yaro ya kafe shi sai tsaron intanet zai karanta, su kuwa ba su san inda karatun ya dosa ba. Wani uban yakan tambaya ko akwai aiki a bayansa. Wata uwar kuma, cikin sassauta murya, takan tambaya ko ba nan ne ake koyon damfarar da ake kira Yahoo ba. Duka tambayoyi ne na masu hankali, kuma su ne za mu yi ƙoƙarin amsawa gwargwadon lokacin da aka ba mu.

Bari mu fara da abin da kowa a wannan zaure ya shaida da idonsa. A shekarar 2014 aka ɓullo da lambar BVN, a ƙarshen 2020 aka tilasta haɗa layin waya da lambar NIN, sa'annan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura hatta mai sayar da ƙosai karɓar tiransifa. Yawancinmu mazauna birni ta waya muke aika wa iyaye kuɗin cefane, su kuma su je wurin mai POS su karɓa. Dukiya ta bar ƙarƙashin katifa ta koma cikin waya, ɓarawo kuwa dukiya yake bi duk inda ta koma. Alƙaluman NIBSS, wato cibiyar da ke daidaita hada-hadar kuɗi tsakanin bankunan Nijeriya, sun nuna cewa abin da aka yi asara ta hanyar zamba ya haura naira biliyan 17 a 2023, ya kuma haura biliyan 52 a 2024. A cikin waɗannan biliyoyi akwai fanshon tsohon malamin firamare da jarin 'yar kasuwar da aka kira aka ce daga banki ne, ta karanto lambar sirrin da aka turo mata.

Karatun da muke magana a kai yana da fuska biyu, kuma duk mun san su tun daga gida. Ta farko aikin mai gadi ce: a duba katanga, a toshe ɓaraka, a san wanda aka ba makulli, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan shi ne tsaron intanet. Ta biyu kuwa aikin mai bin sawu ce, irin mutanen da akan kira idan an kwance wa mutum saniya cikin dare, su duba ƙasa su ce nan aka bi da ita, mutum biyu ne, ɗaya yana ɗingishi. Wannan shi ne binciken ƙwaƙwaf na na'urori, wato tono abin da ya faru a cikin waya ko kwamfuta bayan an aikata laifi, ta yadda kotu za ta yarda da shi. A Birtaniya akwai jami'o'in da ke haɗa sunayen biyu a kan digiri ɗaya. A Nijeriya galibi sunan digirin tsaron intanet ne, binciken ƙwaƙwaf kuma darasi ne a cikinsa da ake yi a shekarun ƙarshe.

To me yaro zai tarar idan ya shiga? A nan ne da yawa kan sha mamaki. Sun zo da hoton da suka gani a fim, na matashi cikin ɗaki mai duhu yana ƙwanƙwasa madannai har ƙofar banki ta buɗe. Abin da shekarar farko ke miƙa musu shi ne Lissafi, Fiziks, ƙididdiga da gabatarwar kwamfuta. Daga nan a shiga koyon rubuta manhaja da harsuna irin su Python da C, a koyi yadda kwamfutoci ke magana da juna, a koyi sarrafa Linux ta hanyar rubuta umarni maimakon danna hoto. Sai yaro ya ratsa wannan kafin a kai shi ga ainihin fannin: ilimin rubutun sirri, gwajin kutse da izini, feɗe muguwar manhaja domin a ga yadda take aiki, kare rumbun bayanai, dokokin laifukan intanet, da binciken ƙwaƙwaf. A tsakani akwai zaman koyon aiki na SIWES a wata ma'aikata, a ƙarshe kuma aikin bincike na kammalawa. Shekara huɗu ne a yawancin jami'o'i, biyar a jami'o'in fasaha. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin darussa wanda a cikinsa ita ke tsara kashi 70 cikin ɗari, kowace jami'a ta cike sauran kashi 30 da abin da ta ga ya dace da ita. Saboda haka tushen karatun ɗaya ne ko'ina, bambancin yana ga malamai da kayan aiki.

Muna so mu ɗan tsaya a kan Lissafi, domin shi ne ƙofar da ke rufe wa yaranmu hanya. Duk saƙon da ke fita daga wayarka zuwa banki a kulle yake tafiya, makullin kuwa Lissafi ne zalla. Kuma wannan ilimi ba baƙo ba ne a tarihin da muka sani. A ƙarni na tara, a birnin Bagadaza, masanin nan Al-Kindi ya rubuta littafi a kan warware rubutun sirri. Ya lura cewa a kowane harshe akwai haruffan da suka fi yawan fitowa, kamar alif da lam a Larabci, saboda haka ko an musanya haruffa da alamomi, wanda ya zauna ya ƙirga alamar da ta fi yawa zai fara gano bakin zaren. Har yau da wannan dabara ake buɗe darasin rubutun sirri. Yaron da ke gudun ajin Lissafi a sakandare, ya kamata a gaya masa gaskiya tun da wuri cewa a can ma zai tarar da shi yana jira.

Yanzu mu koma ga mai bin sawu, wanda shi ne ɓangaren da aka fi jahilta. Wani Bafaranshe mai suna Edmond Locard, wanda ya kafa ɗakin binciken 'yan sanda a birnin Liyon a 1910, ya kafa ƙa'idar cewa duk wanda ya taɓa abu sai ya bar alama. Na'ura ta fi ƙasa riƙe sawu. Waya takan rubuta lokacin da aka yi kira da tsawonsa. Hoto yakan zo da ranar da aka ɗauke shi, da irin wayar, wani lokaci har da wurin. Takardar da aka buga a kwamfuta takan riƙe sunan wanda ya gyara ta a ƙarshe. Idan mutum ya goge fayil a tsohon faifan ajiya, sau da yawa sunansa kawai aka cire daga jerin sunaye, shi kuwa yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Sai dai kada mu yi zuzutawa: wayoyin zamani da sababbin ma'ajiyai sun sa dawo da abin da aka goge ya yi wuya ƙwarai, kuma tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni ta yadda wanda ya tare su a hanya ba zai iya karantawa ba. Shi ya sa wayar kanta, da yadda aka riƙe ta daga lokacin da aka kama ta, suka zama abin lura na farko.

Abin da ake fara koya wa ɗalibi a nan shi ne kame hannu. Ba a bincike a kan ainihin na'urar da aka kama, domin buɗe fayil ɗaya kawai na iya sauya kwanan watan da ke jikinsa. Akan haɗa faifan da wata 'yar na'ura mai hana rubutu, a kwafe shi gaba ɗaya har da wuraren da ake ganin babu kome, sa'annan a yi aiki a kan kwafin. To ta yaya alƙali zai tabbata kwafin bai bambanta da asali ba? Akwai wani lissafi, ɗaya daga cikinsu ana kiransa SHA-256, wanda idan aka bi da bayanai ta cikinsa yakan fitar da tambari mai haruffa da lambobi 64. Ko ɗigo ɗaya aka sauya a cikin faifai guda, tambarin zai fito daban. Idan tambarin asali da na kwafi suka zo ɗaya, an san ba a taɓa kome ba. Bayan haka akwai takardar da ke bin na'urar: wa ya karɓe ta, ƙarfe nawa, a ina ta kwana, wa ya miƙa wa wa. Idan aka sami giɓin yini guda a wannan silsila, lauyan wanda ake tuhuma zai tsaya a kansa ya ce a wannan yinin aka cusa wa wanda yake karewa abin da bai aikata ba. Kuma yana da gaskiyar tambaya, domin mai binciken da ya yi sakaci na iya sa a saki mai laifi, yana kuma iya sa a ɗaure marar laifi.

Misalai biyu sun isa su nuna yadda ƙaramin sawu ke aiki. A birnin Wicita na jihar Kansas a Amurka, wani mutum mai suna Dennis Rader ya kashe mutum goma tsakanin 1974 da 1991, ya kuma daɗe yana aika wasiƙun tsokana ba a gano shi ba. A watan Fabrairu na 2005 ya aika da saƙo a kan ɗan faifan kwamfuta zuwa wani gidan talabijin. Masu bincike suka tono wata tsohuwar takarda da ya goge a cikin faifan, a jikinta akwai sunan wata majami'a da kuma sunan Dennis a matsayin wanda ya gyara ta a ƙarshe. Kafin watan ya ƙare yana hannu. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na biyu ya faru ne a Pakistan a 2017, lokacin binciken dukiyar iyalan Firaminista Nawaz Sharif. An gabatar da wata takarda mai ɗauke da kwanan watan Fabrairu na 2006, sai masu bincike suka lura an buga ta da salon haruffan Calibri, wanda bai shiga kasuwa ba sai 2007. Masu kare iyalan suka ce ai akwai samfurin gwaji na haruffan kafin wannan lokaci, kuma hakan gaskiya ne. Mun kawo wannan jayayya da gangan, domin ƙwararren mai bincike dole ya san iyakar abin da shaidarsa ta tabbatar, ya faɗe ta a gaban kotu ba ƙari.

A nan gida, dokar da ke jan ragamar wannan al'amari ita ce sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Sashen ya ce kafin a karɓi abin da kwamfuta ta fitar a matsayin shaida, sai an nuna cewa na'urar tana aiki daidai, ana amfani da ita yadda aka saba, a kuma gabatar da bayanin yadda aka samar da takardar. A 2012, a shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa tsakanin Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da wasu takardu da aka ciro daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Lauyoyin da ke cikin wannan zaure sun fi mu sanin yadda wannan sashe ke kayar da ƙara. Abin da muke so iyaye su fahimta shi ne, wanda zai yi wannan aiki yana buƙatar iya rubuta rahoto da Turanci mai tsabta, da iya tsayawa a gaban alƙali ya sha tambayoyi ba tare da ya rikice ba.

Sai kuma haƙuri. A 1986 wani masanin taurari mai suna Clifford Stoll, da ke kula da kwamfutocin wani ɗakin bincike a Kalifoniya, ya ga giɓin santi 75 a lissafin kuɗin amfani da na'ura, abin da bai kai dala ɗaya ba. Ya ƙi ya kau da kai. Ya shafe kimanin wata goma yana bin sawun, har ya kai ga wani Bajamushe mai suna Markus Hess, wanda ke kutsawa cikin kwamfutocin sojan Amurka yana sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet abin da ya samo. Mafi yawan ranakun ma'aikacin wannan fanni haka suke, karanta dogayen rajistocin shige da fice ana neman layi ɗaya da bai yi kama da sauran ba. Idan kana da yaron da ba ya barin lissafin shago sai ya gano inda naira hamsin ta shige, to ka lura da shi.

Ina ake karantawa? Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana cikin na farko-farko da suka buɗe sashe na musamman domin wannan fanni. Ana kuma yin digirin a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna, da Jami'ar Sojan Ƙasa da ke Biu, da Jami'ar Fasaha ta Akure, ban da jami'o'i masu zaman kansu da ke ta buɗe shi. Sharaɗin shiga shi ne kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, Lissafi da Fiziks, amma a riƙa duba ƙasidar JAMB ta kowace shekara, domin jami'o'i kan ƙara nasu sharuɗɗa. Yawaitar sunan fannin a allunan talla ita ce ma abin da ya sa muke jan kunne. Kafin uba ya sayar da hatsi ko ya ci bashi, ya tabbatar NUC ta amince da wannan kwas ɗin a wannan jami'ar, domin amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas daban. Sa'annan a tura wani ɗan ƙungiya mazaunin garin ya je ya gani da idonsa, tunda gani ya kori ji. Ya leƙa ɗakin gwaje-gwaje ya ga ko kwamfutocin na kunnuwa, ko akwai wuta, ya kuma tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe ko sun taɓa kwafe faifai da hannunsu ko kuwa a kan allo kawai aka zana musu.

Akwai wata shawara da muke bayarwa wadda ba kowa ke son ji ba. Yaron da bai sami gurbin tsaron intanet ba amma ya sami Kimiyyar Kwamfuta ko Injiniyan Manhaja, kada ya zauna gida shekara guda yana jiran suna. Yawancin manyan ƙwararrun wannan fanni ta waɗancan ƙofofi suka shigo, tun kafin a ƙirƙiro digirin. Wanda ya san yadda ake gina ɗaki ba zai sha wuyar gane inda ɓarawo zai haura ba. A ganinmu digirin Kimiyyar Kwamfuta a wurin da ke da malamai ya fi digirin tsaron intanet a wurin da babu su.

Ko a jami'a mafi kyau, rabin karatun a hannun ɗalibi yake, kuma ba ya yiwuwa sai da kwamfutar tafi-da-gidanka ta kansa. Mun san iyaye da yawa kan biya kuɗin makaranta su ɗauka sun gama, kwamfuta kuma a ce sai an samu hali. A wannan fanni tamkar a tura yaro koyon ɗinki ne babu keke. Ba sai sabuwa ba, ta hannu ma ta wadatar, muddin ƙwaƙwalwar aikinta, wadda masu sayarwa ke kira RAM, ta kai gigabayit 8, in da hali 16, domin ɗalibi yakan gina kwamfutocin gwaji a cikin tasa ya kai musu hari ya kuma kare su. Abin farin ciki shi ne manyan kayan koyon kyauta ne: Kali Linux, da Wireshark mai duba zirga-zirgar saƙonni, da Autopsy mai binciken faifai. Akwai gasannin warware matsala a intanet, irin su picoCTF ta Jami'ar Carnegie Mellon, waɗanda ko ɗan sakandare zai iya shiga ba da ko kwabo ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas. Ɗalibin da ke da kwamfuta da data ya iya cin gajiyar watannin, wanda ba shi da su kuwa zaman jira kawai ya yi. Bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 yana ɗauke kuɗin makaranta da ɗan abin kashewa na wata-wata, amma ba shi zai sayi kwamfuta ba.

Mu dawo ga tambayar iyayenmu mata. Gaskiya ne ana koya wa ɗalibi yadda ake fasa ƙofa, kamar yadda maƙerin makulli ya san yadda ake buɗe kwaɗo babu ɗan makulli. Abin da ya raba ma'aikaci da ɓarawo shi ne izini a rubuce daga mai kaya. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri da tara a kan kutse da zamba ta kwamfuta da satar shaidar wani, kuma katin ɗalibi ba ya kare kowa daga gare ta. Sa'annan mu sani cewa mafi yawan damfarar da ake yi ba ta buƙatar digiri, zaƙin baki ce da wasa da tsoro ko kwaɗayin mutum. Waɗanda suka yi suna a cikinta ma mun ga ƙarshensu. Obinwanne Okeke, wanda mujallar Forbes ta Afirka ta taɓa sa shi cikin matasan 'yan kasuwa masu tasowa, kotun Amurka ta yanke masa shekara 10 a 2021 a kan zambar kimanin dala miliyan 11. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, an kama shi a Dubai a 2020, aka yanke masa wata 135 a 2022. Dukansu biyu sawun da suka bari a akwatunan imel da wayoyi da shafukan sada zumunta ne ya kai su, wato irin aikin da muke so yaranmu su koya. Duk da haka ba za mu ce wa iyaye su saki jiki ba. Ɗalibin da ya dawo hutu da waya mai tsadar da ta fi albashin ubansa na wata uku, a zaunar da shi a tambaye shi, kowane fanni yake karantawa. Wannan sana'a ta amana ce, kuma tabo ɗaya a kotu ya isa ya rufe wa mutum ƙofar banki da ta hukuma har abada.

Batun aiki kuwa, akwai shi, amma ba a bakin ƙofar jami'a yake tsaye ba. Ƙungiyar ƙwararru ta ISC2 ta ƙiyasta a 2024 cewa duniya na da giɓin ma'aikatan wannan fanni kusan miliyan 4.8. Kada wannan adadi ya ruɗe mu, domin masu ɗaukar aiki mai gogewa suka fi nema, sabon mai digiri kuwa sau da yawa yakan fara ne daga kula da kwamfutocin ofis ko zaman sa ido na dare a cibiyar tsaro. Wuraren dai sanannu ne. Babban Bankin Nijeriya ya wajabta wa bankuna naɗa babban jami'in tsaron bayanai tun a ƙa'idojinsa na 2018. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa manyan masu riƙe da bayanan jama'a naɗa jami'in kare bayanai. Akwai kamfanonin sadarwa da na hada-hadar kuɗi ta waya, da EFCC, da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta 'yan sanda, da ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Takardun shaidar ƙwarewa irin su Security+ na taimakawa wurin samun shiga, sai dai da dala ake biyan jarrabawarsu, saboda haka a fara da guda ɗaya mai sauƙi. Babbar cikinsu, CISSP, sai mai shekara biyar a bakin aiki ake ba wa, kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan zai samar wa ɗan shekarar farko ita.

Akwai wata dama da yaranmu ke da ita wadda ba a cika ambata ba, ita ce harshe. Idan aka kama wayar mai garkuwa da mutane a Zamfara ko Katsina, saƙonnin muryar da ke ciki da Hausa ko Fulatanci suke, cike da habaici da sunayen dazuzzuka da laƙabobi. Na'ura za ta ciro saƙon, amma sai ɗan ƙasa zai gane abin da ake nufi da shi. Haka nan gargaɗin da bankuna ke turo wa tsofaffinmu da Turanci yake zuwa, ɗan damfara kuwa da Hausa mai daɗi yake kiransu. Kuma kada a ware 'yan mata. Aiki ne na zama da natsuwa, wani ɓangarensa daga gida ma ana yin sa. Yarinyar da wani ya yi wa barazanar watsa hotunanta za ta fi sakin jiki ta miƙa wayarta ga mace 'yar uwarta, kuma wannan matsala ta iso garuruwanmu ko da ba a faɗa a fili.

Duk wannan bayani ya fi amfanar 'ya'yanmu mu mazauna birni, waɗanda makarantunsu ke da malaman kimiyya. Ɗan ƙaninmu da ke karatu a nan gida fa? Ƙofar wannan digiri tun a ajin farko na babbar sakandare ake buɗe ta ko a rufe ta, ranar da ake raba yara zuwa ajin kimiyya da na adabi. Inda babu malamin Fiziks, an yanke wa yaro hukunci tun yana ɗan shekara 15 ba tare da an tambaye shi ba. Sa'annan JAMB da kwamfuta ake rubuta ta tun 2015, yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa ya shiga da rauni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna roƙon kwamitin ilimi ya zagaya makarantun sakandaren garin nan kafin zangon karatu mai zuwa, ya kawo wa uwar ƙungiya sunan kowace makarantar da ba ta da malamin Lissafi ko na Fiziks, domin a san inda za a nemi masu yi wa ƙasa hidima ko a ɗauki malamin wucin gadi. Muna kuma ba da shawarar a ware wani kaso na asusun tallafin karatu a sayi kwamfutoci na hannu, a riƙa ba ɗalibanmu na fannonin kwamfuta aro da sa hannun waliyyi, in sun kammala su dawo da su a ba na baya. 'Yan uwa da ke aiki a bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomin tsaro, sakataren ƙungiya zai zagayo da takarda bayan wannan zama, duk mai halin karɓar ɗalibi ɗaya domin SIWES ya rubuta sunansa da garin da yake.